Ticha Zubeiru da Akuyar Mma Abibata

Duk wanda ya taɓa kwana a Sabonjida ya san ƙararrawar keken Ticha Zubeiru. Ana sallame sallar asuba, kafin liman ya gama shafa addu'a, shi ya riga ya sa takalmi. Koko a tsaye yake shan sa, ƙosai kuwa a aljihu yake raka shi makaranta, shi ya sa duk rigunansa ke da tabon mai a gefen hagu. Matarsa Mariyatu ta yi faɗan har ta gaji ta bari. Kujerar da aka ajiye masa a aji, 'yan makaranta ke jibga jakunkuna a kanta, domin babu wanda ya taɓa ganin ya zauna. Yana bayani yana zagaye, yana tambaya yana leƙen taga, kai ka ce an gaya masa wani na tafe. Bana ya ajiye alli bayan doguwar hidima ga 'ya'yan Tamale, kuma wallahi ko ranar walimar sallamarsa a tsaye ya ci shinkafar.

An yi jawabai a ranar. An lissafa akawuna da malaman asibiti da suka fito daga hannunsa, kuma duk gaskiya ne. Amma akwai aikin da babu wanda ya ambata, saboda yawancinmu mun ɗauke shi a matsayin ɗan taɓin hankali, irin wanda ake yi wa mutumin kirki uzuri a kai. To, saboda wannan aikin ne ake wannan jinjina.

Abin ya faro ne tun zamanin Turawa. Wani malami Bature da zai koma gida ya bar akwatin littattafai a makaranta, gara ta cinye rabinsu. Cikin waɗanda suka tsira akwai wani mai kaurin bulo, Ticha ya ɗauko shi gida don ya tokare ƙafar tebur. Tsautsayi ya sa ya buɗe shi. Tebur ɗin nan har yau yana rawa.

Wanda ya fi kowa shan wahalar littafin shi ne Kadiri mai gyaran keke, da ke ƙarƙashin darbejiya a bakin hanyar kasuwa. Keken Ticha ba ya rabuwa da faci, kuma mai facin ba shi da wurin gudu.

"Kadiri, ka san kakannin Bature da na Ba'indiye da na mutumin Farisa harshe ɗaya suke yi?"

"Ticha, ɗaga ƙafarka, ka taka mini roba."

"Harshe ɗaya, na ce maka! Kuma babu wanda ya rubuta shi. Mutanen sun shuɗe dubban shekaru, ba alƙalami ba tawada. Amma masana sun dawo da shi."

"Sun tashe su daga kabari ke nan?"

Ticha ba ya jin zolaya idan ya ɗauko wannan zance. Sai ya durƙusa ya yi ta zane a ƙasa da waya. Ga kalmar uba, in ji shi: Rumawan dā suna cewa pater, Indiyawan dā suna cewa pitar, Ingilishi ya ce fada. Duk inda waɗancan suka sa pa, Ingilishi fa yake sawa, ba a kalma ɗaya ba, ko'ina. Da haka masana suka gane 'yan gida ɗaya ne, yadda muke gane dangi da tsagar fuska. Suka yi ta jera kalmomi gefe da gefe, suna komawa baya, har suka ƙiyasta yadda kakar harsunan ke faɗi. Kuma duk kalmar da suka ƙiyasta sai su sa mata tauraro a gaba, alamar cewa ba wanda ya ji ta da kunnensa, lissafi ne ya kawo ta.

"To me ya sa wannan ya ce pa, wancan ya ce pi?" Ticha ke tambaya, shi ke amsawa. "Saboda kakar ba ta da wasali a wurin! Wani baƙi ne na maƙogwaro, ya yi wa jikoki nauyi a baki, kowa ya cusa wasalinsa, baƙin ya ɓace. Mene ne wannan a hannunka?"

"Sufana."

"Wancan fa?"

"Birki."

"Ka ji ko? Bature da ya kawo su ba haka yake faɗi ba, baƙaƙensa a manne suke. Bakinmu ne ya ƙi, ya sa wasali tsakani, kamar yadda mace ke sa gammo tsakanin kai da tulu. Abin da bakinka ya yi yau da safe, shi bakin waɗancan ya yi tun kafin a gina Makka da jar ƙasa."

Kadiri ya ce shi dai a bar Makka a wajen maganar, a miƙo masa famfo.

Amma ba wannan ne ya hana Ticha sukuni ba. Littafin ya ba da labarin wani masani da ya ce, da lissafi kawai, lallai akwai sautin maƙogwaro da ya ɓace daga waɗannan harsuna. Ba kowa ya yarda ba. Mutumin ya rasu. Daga baya aka karanta wasu allunan yumɓu da aka tono a ƙasar Turkiyya, masu rubutun mutanen dā, sai ga sautin nan zaune daram a inda ya ce. Duk lokacin da Ticha ya zo nan a labarin, muryarsa rawa take yi.

Domin shi ɗan zango ne, ubansa Bahaushe mai fataucin goro, uwarsa Badagomba, kunnensa ya tashi cikin harsuna. Ya san Dagomba na kiran akuya bua, Mosawa masu gangaro da shanu daga arewa su ce buuga. Kare, waɗannan su ce baa, waɗancan su ce baaga. Ashe mu ma harsunan ƙasarmu suna da kaka! To wa ke neman ta? Babu. Ya taɓa gaya wa Kadiri, ranar da suka dawo daga jana'izar wata tsohuwa: "Su can tono suke yi su samu. Mu namu allunan a bakin tsofaffi suke, kuma kullum binne su muke yi." Ranar Kadiri bai yi zolaya ba.

Daga nan Asabar ta daina zama ranar hutu a gidan Mariyatu. Ticha ya ƙunshe goro a ganye, ya hau keke, yau hanyar Kumbungu, gobe ta Yendi, hutun makaranta kuwa har Walewale. In ya dawo, ko ƙura bai kakkaɓe ba, sai bangon zaure. Da alli da gawayi ya cika shi da kalmomi, layi bisa layi, kowane layi da tauraronsa a ƙarshe. A shekarar da aka sami 'yanci, garin nan duk ya rikice da murna, motoci masu lasifika na zagaye, kowa na maganar gobe, ana ɗinka sabuwar tuta mai baƙin tauraro. Kadiri ya leƙa zauren ya ce gwamnati guda da tauraro ɗaya ta wadatu, amma Ticha shi kaɗai ya tara na sama duka. Kowa na gudu gaba, shi yana gudu baya, kuma ya fi kowa sauri.

Ga yadda yake aikin. In ya isa gidan tsoho sai ya cire takalmi, ya durƙusa, ya ce Dasiba, ina kwana ta Dagomba, a amsa masa da Naa, ya miƙa goro. An gama gaisuwa, sai ya faɗi kalmar da ya ƙiyasta, ya ce, "Baba, haka kakanninku ke faɗi?" Tsoho ya jinjina kai, ya ce, "Naa, haka ne," ya maimaita ta tsaf yadda Ticha ya faɗa. Ƙauye bayan ƙauye haka. Ticha ya riƙa dawowa yana kaɗa ƙararrawa ba dalili, don daɗi. Lissafinsa bai taɓa kuskure ba, ko sau ɗaya, kuma bai tsaya ya tambayi kansa ko akwai ɗan Adam da ba ya kuskure ba.

Mura ce ta tona asirin. Farkon daminar shekarar 'yanci ruwa ya doke shi a hanya, hancinsa ya toshe, amma ya ƙi kwanciya. Ya je wurin Baba Seidu, wani dattijo a hanyar Kumbungu da ya sha ba shi amsa. Ya faɗi kalmarsa ta akuya, ta fito ta hanci saboda mura. Baba Seidu ya ce, "Naa, haka ne," ya maimaita ta. Ta hanci.

Ticha ya yi tsai. Baba Seidu lafiyarsa ƙalau, ko tari ba ya yi.

Ya sake faɗin kalmar, wannan karon ya murɗe ta da gangan, ya ƙara mata wutsiyar da babu harshen da ke da ita. Dattijo ya gyara zama, ya murɗe tasa daidai wa daida, har da wutsiyar.

"Baba, don Allah, haka kakanka ke faɗi?"

"Yadda ka faɗa, Ticha."

"Amma ɗazu ba haka na faɗa ba!"

"To, ɗazu ma daidai ne."

"Baba, ni gaskiya na zo nema."

Tsohon ya dube shi da mamaki, har da ɗan jin zafi. "Ɗana, ka taho daga Tamale cikin ruwa. Ka durƙusa mini, ka ba ni goro. Kai mai karatu ne. In ƙaryata ka a cikin zaurena? Ba a haife ni a gidan da ake haka ba."

Ranar mutanen Sabonjida suka ga abin da ba su taɓa gani ba: Ticha Zubeiru yana tura keke a hankali, kuma ba faci ya yi ba. Shekara da shekaru yana yawo, ashe muryarsa yake zuwa ji a bakin mutane. Ladabin da ya kai musu, shi suka mayar masa, kuma ba wanda ya yi nufin cutarsa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ya shiga gida ya ce, "Mariyatu, ba ni ruwa a bokiti da tsumma." Ita da ta shekara tana roƙon a wanke bangon nan, da ta ga ya fara gogewa sai ta riƙe masa hannu. Ya ce ta sake shi.

Kai ne, Ticha, ka goge bangon nan da hannunka, alhali babu mahalukin da zai iya kama ka da kuskure a faɗin ƙasar nan, don babu wanda ya san abin da ke jiki sai kai. Kai ne ka tsaya gaban ajinka ranar Litinin ka ce, "Abin da na gaya muku a kan akuya, ku cire shi daga kanku, ban ji shi ba, ni na sa shi a bakin mutane." Manya da yawa a shekarun nan sun hau mumbari sun yi alkawari, amma ba mu ji wanda ya dawo ya faɗi irin wannan ba.

Bayan haka ya kasa fita ƙauye, ya kuma kasa zama. Ya riƙa zagaye tsakar gida kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. A wannan zagayen ne, wata ranar Asabar da hantsi, ya ji murya daga bayan zanan da ya raba tsakar gida da garken awaki. Wata ce ke magana ƙasa-ƙasa. Ba Dagbanci ba ne, ba Mosanci ba, amma yana jin ƙamshin su biyun a ciki. Ya tsaya cak.

Surukarsa ce, Mma Abibata, uwar Mariyatu.

Tsohuwar nan ta daɗe a gidansa. Asalinta wani ɗan ƙauye ne a hayin kogi, wanda ciwon makanta na bakin ruwa ya watsa, yau ko kufai ba a ganewa. Ita ma ciwon ya ci idonta. Tana yarinya aka kawo ta Tamale, 'yan kasuwa suka yi ta dariyar maganarta suna ce mata yaren daji, sai ta haɗiye shi. Ko 'yarta ba ta koya wa ba. Awakinta kawai take yi wa, in ta tabbata ba kowa.

Za ku ce, ya aka yi mutum ya zagaye arewa da keke yana neman abin da ke bayan ɗakinsa? Ai kun san amsar. Suruka ce. Tun da ya auri Mariyatu bai taɓa zama inda take ba. Da safe daga nesa yake durƙusawa, kai a ƙasa, ya gaishe ta, ta amsa tana fuskantar bango. In ta fito tsakar gida, shi ya fice. Bai taɓa kallon fuskarta ba, balle bakinta, kuma aikinsa aikin kallon baki ne.

Ya aiki Mariyatu. "Ki tambaye ta yadda ake kiran akuya a garinsu."

Mariyatu ta je ta dawo. "Ta ce, maigida ya yake faɗi?"

"Kar ki gaya mata!"

"Ai na riga na gaya mata. Ta ce haka ne."

Ticha ya dafe kai. In baƙon da ya kawo goro ba a ƙaryata shi, ina ga surukin da ke ciyar da kai? Hanya ɗaya ta rage, ya ji ta ba ta san yana ji ba. Malami guda, mai furfura a gemu, ya koma laɓe a bayan zana. Sai dai makauniya ba ta rasa kunne ba. Ya cire takalmi, ta gane shi. Ya bar keke wurin Kadiri ya lallaɓo ta baya, ta gane shi. Daga baya ta gaya wa 'yarta wai ƙamshin alli da man ƙosai ke riga shi isowa. Da zarar ya tsuguna sai ta yi gum, ta yi ta miƙa wa awaki ganye ba ko uffan.

Ana cikin haka abubuwa biyu suka zo tare. Turawan ofishin ilimi na ta komawa gida, kujeru sun zama babu kowa, aka kira Ticha aka ce an zaɓe shi mai duba makarantu a Ankara, babban birnin ƙasarmu can bakin teku, da gidan gwamnati mai famfo a ciki. Sharaɗi ɗaya ne, ya bayyana ranar Litinin ɗin da aka sa, in ba haka ba a ba wani, don masu so sun yi yawa. A makon ne kuma ƙafafun Mma Abibata suka kumbura, ta rage cin tuwo, sai an riƙe ta take fitowa shan hantsi. Duk wanda ya gan ta ya san ba za ta ga kaka ba.

Mariyatu ta shiga tsaka mai wuya. Shekarunta nawa tana ɗaukar ruwa a ka a garin nan da rijiya ke ƙafewa da rani, ga famfo an nuna mata. Ta ce masa, "Ka tafi. Ni zan zauna da Mma, in Allah ya yi ikonsa in biyo ka. Maganar da ta ƙi yi shekara sittin, ba don kai za ta yi ta ba." Ya ce to. Ya ɗaure akwatin ƙarfensa. Lorin Asabar ce ta ƙarshe da za ta kai shi a kan lokaci, in an sami jirgin fito a Yeji ba jira.

Asabar da safe Kadiri ya ɗora akwatin a keke ya kai tasha, ya kama masa wuri a gaba kusa da direba. Ticha ya sa farar rigarsa ta zuwa ofis, ya durƙusa daga nesa ya yi wa surukarsa sallama, ta amsa tana fuskantar bango. Ya kai bakin zaure. Sai ya ji Mariyatu na fito da tsohuwar, tana zaunar da ita a bakin garke. Ƙafarsa ta ƙi fita. Ya ce a ransa, bari in gwada sau ɗaya, na ɗan lokaci kaɗan. Ya zagaya ya tsuguna a bayan zana, da farar riga da komai.

Shiru. Awaki na tauna.

Can sai ga Kadiri a guje, yana haki. "Ina Ticha? Lori ta cika, direba na zagi!"

Mariyatu ba ta iya ƙarya ba. Ta nuna zana da haɓa. Kadiri ya leƙa, ya ga mai duba makarantun Ankara a tsugune cikin kashin awaki, ya ɗora yatsa a leɓe yana roƙonsa da ido.

"Ticha, ka haukace ne? Wallahi ba zai ƙara jira ba!"

Ticha ya yi masa alama da hannu, je ka. Kadiri ya juya yana salati. Ba a jima ba aka ji ƙahon lori daga tasha, ta yi ta busawa, ta yi ta busawa, sannan ƙarar ta yi kudu ta ɓace. Cinnaku sun sami ƙafar Ticha tun ɗazu, sun hau har gwiwa, bai motsa ba. Mutumin da bai taɓa zama ya sha koko ba, ga shi ya kafe wuri ɗaya har inuwar zana ta janye daga kansa. Tsoro ne fal cikinsa, kada ya rasa Ankara ya kuma rasa wannan.

Mma Abibata ta ce, "Mariyatu."

"Na'am, Mma."

"Lori ya tafi?"

"Ta tafi, Mma."

"Maigida fa?"

Hawaye suka zubo wa Mariyatu, ita kanta ba ta san na famfo ba ne ko na mene ne.

Tsohuwar ta laluba ta kamo igiyar wata jar akuya, ta jawo ta kusa, ta riƙe kunnenta. Ta buɗe baki da Hausa, Hausarta ta kasuwa, ita da ba ta taɓa yi wa dabba Hausa ba.

"Kai akuya, tsaya ka ji. Akwai wani mutum a garin nan, mutumin kirki ne, yana kiran ka da wani suna. Ba sunanka ba ne. Ya sa masa kaya da yawa. Sunanka a garinmu, ga shi."

Ta faɗa. Ta sake faɗa a hankali. Ta kuma faɗa da ƙarfi, ta juya fuskarta sosai wajen zana.

Ba za a iya rubuta shi a nan ba, baƙaƙenmu ba su da shi. Wani sauti ne can cikin maƙogwaro, mai laushi, kuma daga shi kalmar ta tsaya cak. Wasalin da Ticha ya shekara yana rantsuwa na kakar ne, babu shi. Bakinsa na ɗan zango ne ya sa gammonsa a wurin. Lissafinsa ya kama rabi, ya saki rabi.

Ku lura, jama'a. Ta san yana nan, kuma ta san abin da yake so ya ji, tun da Mariyatu ta gaya mata. Da ta ce haka ne, da ta bi ladabin da aka haife ta a ciki, ba mai zarginta. Sai ta ba shi abin da dattawan ƙauyuka duka suka hana shi, ta ce masa ya yi kuskure. Da haka ya tabbata wannan karon ba muryarsa ce ta dawo masa ba. Mariyatu ta ce ta ji zana na girgiza, ta ɗauka akuya ce ke soshe-soshe, ashe mijinta ne ke kuka.

Tsohuwar ta ƙara da cewa, "Kai akuya, in ka ga mutumin, ka ce ya tashi haka nan, cinnaku za su gama da shi. Gobe ya zo da kujera."

Ya zo da kujera. Kowace safiya kafin makaranta, da duk ranar Asabar, har ƙarshen damina, Mma Abibata na koya wa jar akuya harshen garinsu. Ruwa, wuta, gero, ƙidaya, sunayen bishiyoyin bakin kogi, waƙar da uwarta ke yi in tana niƙa. Ticha na bayan zana, baki a rufe. Mariyatu ce ke kallon bakin uwarta, in an gama ta zo ta nuna masa inda harshe ya taɓa, da haka ita ma ta koyi maganar da aka hana ta tun tana goye. Suruki da suruka ba su taɓa yi wa juna kalma ɗaya ba bayan gaisuwa. Kunya ba ta karye ba, akuya ce dai ta sha karatu.

Ticha bai ce ya sami kakar harsuna ba, kar a ƙara masa. Ya ce ya sami ɗiyarta guda da ta riƙe wani abu na kamanninta. Ya koma bangon zaure ya fara daga farko. Kalmomin da ya ƙiyasta ya bar musu taurarinsu. Na Mma Abibata ya jera su a ƙasa ba tauraro, don su an ji su. Kujerar Ankara kuwa wani ya hau, kuma har ya ajiye aiki Ticha bai wuce ajin da muka san shi a ciki ba. Mariyatu na ɗaukar ruwa a ka har gobe. In aka taɓo maganar famfo takan ce, "Ku bar ni da shi," amma ita ce ke hana jikoki jingina da bangon.

Ana saura kwana kaɗan tsohuwar ta rasu, muryarta ta yi ƙasa sosai, aka fito da ita hantsi na ƙarshe. Ranar Ticha ya yi abin da bai taɓa yi ba. Daga bayan zana ya kira jar akuyar da sunanta na hayin kogi, da iyakar ƙoƙarin maƙogwaronsa. Sai Mma Abibata ta yi dariya, 'yar ƙarama, ta shafa kan akuyar ta ce, "Ka ji shi? Ya kusa."

Mun gode, Ticha Zubeiru, ɗan Sabonjida, mai keken da ba ya hutawa. Mun gode da yaran da ka koyar, mun kuma gode da bangon da ka goge. Allah ya ba ka lafiyar hutun da muka san ba za ka yi ba, domin an riga an gan ka a hanyar Savelugu makon jiya da ƙunshin goro. Masu ganin ka a ƙauyuka sun ce yanzu in ka gaisa sai ka nemi gindin bango ka zauna, ka yi shiru har a manta kana wurin, sai tsofaffi sun fara faɗa da jikoki sannan kunnenka ya tashi.

Ku kuma matasan da kuka yi karatu, ƙasa ta zama tamu, kowa na hanzarin gaba, ba mai hana ku. Amma kowannenku akwai tsohuwa a bayan ɗakinsa da ke magana da kaji in ba kowa. Ku kai mata goro, ku zauna, kada ku sa mata magana a baki. Ticha ya ce takardun shaida da ya tara a rayuwarsa suna cikin akwatin ƙarfen nan da Kadiri ya sauke daga lori, ko buɗe shi ba ya yi. In ka tambaye shi wace shaida ce ya fi ji da ita, sai ya kai ka zaure ya nuna maka ƙasan bango, inda ya rubuta da gawayi, ba tauraro: Mma ta ce na kusa.